Ka Zauna Har Oga Linus Ya Rufe Da Addu'a

Daga Fatakwal.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da duk mutanen gidanmu na unguwar Magajiya. Allah ya tsare min ku daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abokin da ba ya tsoron Allah. Ni ma ina nan lafiya, sai ciwon baya da ruwan saman garin nan da ba ya ɗaukewa.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Na sha kira. Abin da nake samu shi ne "To Baba, to Baba," ga ƙarar keke a bayanka, ga wani yana kiran sunanka. Magana ta shiga ta kunne ɗaya ta fice ta ɗayan. Takarda kuwa ko ka ajiye ta, tana nan tana jiranka.

Mahaifiyarka ta gaya min ka haɗa jakarka. Ta ce ka kama ɗaki a Madalla bayan ofishin jam'iyya, an ba ka sakataren matasa, kuma babban taronku na ƙaramar hukuma ya gabato. Ta ce ta ji ku a zaure kai da abokanka kuna shirya cewa idan ɗaya ɓangaren jam'iyyar ya taso da ɗan takararsa, za ku tashi gaba ɗaya ku fice ku bar musu zauren. Tun da ta faɗa min wannan abinci bai yi min daɗi ba. Ina tsaye gaban injin mutane ina buga musu katin biki, hannuna na aiki, hankalina yana Suleja. Don haka ba zan ba ka labarin garin nan ba, babu wani labari. Kuskurena zan ba ka, ka duba ko akwai wanda za ka iya tsallakewa.

Ba zan hana ka jam'iyyar nan ba. Da wane baki? Ni na ɗauke ka a kafaɗa na kai ka taronta tun ba ka iya ɗaure wando ba. Har yau ina ganin ita ce kaɗai ta taɓa ɗaukar mai faci da mai tallan gwanjo da manomin Maje a matsayin mutane. Amma ka san ta ne bayan ta fashe. Bari in gaya maka yadda take kafin nan.

Waɗanda suka kafa reshen Suleja sun kafa shi da ƙa'idoji biyu waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba. Ta farko, babu babban teburi. Tabarma ake shimfiɗawa, shugaba da ɗan dako gwiwa na gugar gwiwa, kowa ya bar takalminsa a bakin ƙofa. Ta biyu, Musulmi ne yake buɗe taro da addu'a, Kirista ya rufe. Idan namu yana yi, su sukan sunkuyar da kai su yi shiru. Idan nasu yana yi, mu mukan zauna hannu a gwiwa har ya gama. Babu wanda aka tilasta wa cewa amin ga abin da bai yi imani da shi ba. Zama kawai ake nema a gare ka. A garin da kowa baƙon wani ne, wannan zaman shi ne ya riƙe mu, mu kuwa muna ganin ƙaramin abu ne kamar shan ruwa.

Mai rufe mana taro shi ne Oga Linus, mai sayar da kayan babur a bakin titin Madalla. Ka san shi, ko da ka manta. Shi ne yake ɗaga ka sama yana ce maka "ƙaramin ciyaman," matarsa ta cika maka aljihu da cincin. Shi ya shigo da 'yan haya na Madalla cikin jam'iyya, mutanen kudu masu shaguna da masu aikin hannu waɗanda kullum suke kwana da fargabar a wayi gari an shafa wa bangonsu jan fentin rusau. Abokina ne. Duk takardar cocinsu da katin aurensu da kalandar ƙungiyar garinsu a shagona ake bugawa, shi yake kawo su da kansa, ya zauna a kan benci yana yi min tsiya wai injina ya girmi Najeriya.

Sai ga Alhaji Tanimu, dillalin filaye, wanda ya saye gonakin Maje yana yankawa yana sayar wa ma'aikatan Abuja. Ya ce yana son shigowa jam'iyyar talakawa, kuma yana son takarar shugaban ƙaramar hukuma. Nan muka rabu gida biyu. 'Yan boko a cikinmu suna cewa hagu da dama, mu dai abin da muka sani shi ne wasu sun ce a karɓe shi, wasu sun ce a kan gawarsu.

Ina so ka ji hujjar kowa yadda take, domin na lura ku yaran yanzu ba ku san hujjar kowa ba sai taku. Mu muna cewa: mutumin da ya raba manomi da gonar kakansa, ta yaya za mu manna hotonsa a ƙofar wannan manomin mu ce ya zaɓe shi? Idan muka yi haka, me ya bambanta mu da sauran? Su kuma suna cewa: shekara da shekaru muna faɗuwa zaɓe muna tafa wa kanmu, wa muka taɓa ceta? Oga Linus ya taɓa ce min, "Idi, kai gidan ubanka kake kwana. Ni idan katafila ta zo, tsarkin jam'iyya ba zai tare ta ba. Ina son mutum ɗaya a sakatariya wanda zai ɗauki wayata." A lokacin na ce masa ya sayar da kansa. Yau da nake haya a garin mutane, mai gida yana buga min ƙofa yadda ya ga dama, na gane maganar ɗan haya ce, ba ta maci amana ba.

Kuskurena na farko, ni na raɗa musu suna. Wata Asabar muka zo taro muka tarar da a-kori-kura ta sauke fararen kujerun roba, kyautar Alhaji Tanimu. Wasu suka hau, mu muka shimfiɗa tabarmarmu a gabansu da gangan. Oga Linus ya ja kujera ya zauna. Na san sarai yana fama da gwiwa tun haɗarin da ya yi a hanyar Zuba, na san kullum sai an kama hannunsa yake tashi daga tabarma. Duk da haka na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku gaida 'yan kujera!" Zaure ya fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ce, "Kai Firinta, bari ƙafarka ta tsufa, za mu gani." Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari. Su 'yan kujera, mu 'yan tabarma. Har yau da shi kuke kiran juna, kuma na tabbata ba ka san bakin ubanka ne ya haife shi ba.

Abin da suna yake yi, Abba, shi ne ya hutar da kai sauraro. Da idan Oga Linus ya yi magana, Linus nake ji, mutumin da na san matarsa da ciwonsa da abin da yake tsoro. Bayan sunan, da ya buɗe baki sai in ce ɗan kujera ne yake magana, in kau da kai. Shawarata, duk zafin da gardama ta yi, ka kira mutum da sunan da uwarsa ta san shi da shi. Idan abokanka suka ƙirƙiro wani sabon laƙabi mai ban dariya, ka yi dariyar a cikinka, kada ya fito ta bakinka. Kana da kaifin harshe irin nawa, shi ya sa nake tsoro.

Kuskure na biyu, na zaɓi jagora da kunne. Jagoran 'yan tabarma a lokacin shi ne Kwamared Sale, malamin sakandare, siriri, mai jar hula. Idan ya tashi magana sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Ya iya jera zaluncin duniya tun daga kan Turawa har zuwa mai karɓar haraji a kasuwar Suleja, ba tare da ya haɗiyi yawu ba. Ban taɓa tambayar kaina ba ko na taɓa ganinsa a gidan rasuwar wani ɗan jam'iyya, ko ya taɓa taka ƙafa ya je Maje ya ga gonakin da yake kuka a kansu. Bai taɓa ba. Danladi ne yake zuwa, wani manomi Bagwari, Kirista, wanda aka cinye rabin gonarsa, ɗan tabarma na gaske wanda bai iya jawabi ba. Shi ne yake bin gida gida yana haɗa manoma. Amma Sale muke ɗagawa, Danladi kuwa mu aike shi sayo ruwan leda.

Ban san wanda yake jan ku yanzu ba. Ba na zarginsa, ban san shi ba. Amma ka dube shi ranar da babu lasifika. Ka duba wa yake gaisarwa idan babu mai kallo, ka duba ko ya taɓa cewa "ban sani ba." Kuma idan ya ce ku tashi, ka tambaye shi: idan mun tashi, ina za mu? Mu ba mu yi wannan tambayar ba.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Ranar taron fitar da ɗan takara, zauren ya cika har waje. Shekarun nan ne da garin yake cikin zullumi, ana binciken jaka a ƙofar masallaci da ƙofar coci, maƙwabci yana kallon maƙwabci a kaikaice. Jam'iyyarmu tana cikin wurare kaɗan da har lokacin ake zama tare. Mun shirya tun kafin mu zo, kamar yadda kuke shiryawa yanzu: idan aka yi mana murɗiya, Kwamared Sale zai cire hularsa, mu tashi gaba ɗaya.

An kuwa yi mana murɗiyar, ba zan ɓoye wannan don in gyara labari ba. Shugaban reshe, wanda yake tare da 'yan kujera, ya karanta sunan Alhaji Tanimu, ya ce masu goyon baya su ce e. Aka yi ihu. Bai tambayi masu cewa a'a ba. Muka ɗaga hannu, muna "Ciyaman! Ciyaman! A ƙirga!" Ya dube mu, ya dubi agogonsa, sai ya juya ya ce, "Lokaci ya ƙure. Oga Linus, rufe mana da addu'a."

Dabara ce. Ya san ba a magana a kan addu'a, ya ɗauki abin da ya fi komai tsarki a tsakaninmu ya toshe mana baki da shi. Oga Linus bai san da shirin ba, na tabbatar da wannan daga baya. An kira shi ne kamar kullum, ya dafa kujera ya miƙe kamar kullum, ya rufe idonsa ya fara da Hausarsa mai karkata: "Ya Uba mai iko duka, mun gode maka da ka tara mu…"

Sai Sale ya cire hula.

Na tashi, Abba. Ban yi tunanin komai ba, jinina yana tafasa. Muka miƙe muka nufi ƙofa. Ka tuna mu 'yan tabarma ne, takalmanmu suna tare a bakin ƙofa. Ba fita ce ta mutunci ba irin wadda muka zana a ranmu. Turereniya ce, wannan yana neman silifas ɗinsa, wancan yana cewa an taka masa ƙafa, wani yaro ya ja tabarma yana naɗewa, wani ya yi tsaki da ƙarfi. Duk wannan a kan muryar mutum yana roƙon Allah ya kai kowa gida lafiya.

Ga abin da ba mu lissafa ba. Kiristocin da suke ɓangarenmu, su Danladi da manoman Maje da wasu matan kasuwa, kansu yana sunkuye, idonsu a rufe. Ba su ga hular ba. Waɗanda suka ji motsi suka buɗe ido ma ba su iya tashi ba, don mutum ba ya miƙewa ya fita ana tsakiyar addu'ar addininsa. Suka zauna. Saboda haka duk wanda ya fita Musulmi ne. Ko ɗaya babu Kirista a cikinmu.

Na waiwaya daga bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, daidai lokacin da ya kai ƙarshe ya ambaci sunan Yesu ya buɗe ido. Ya dubi tabarmin da babu kowa sai su Danladi a tsakiya kamar waɗanda ruwa ya janye ya bari. Ya dubi ƙofa. Idonsa ya faɗa cikin nawa. Da na ajiye takalmin nan na koma na zauna, ko ni kaɗai, da wataƙila ba daga Fatakwal nake rubuto maka ba. Na sa takalmina na bi sahu.

Mu a wajenmu mun yi zanga-zanga ne a kan murɗiya. Kafin la'asar labarin da ya isa Madalla shi ne Musulmin jam'iyya sun tashi sun fice da aka ambaci Yesu. Wa zai tsaya ya yi bayanin hula da ƙirgen hannu? Abin da ido ya gani ke nan, kuma a irin wancan lokaci babu wanda yake da sararin zuciyar da zai nemi wata fassara. Washegari Danladi ya zo shagona, ya tsaya bai zauna ba. Ya ce, "Malam Idi, da kuka shirya tashi, me ya sa ba ku tuna mu ma muna cikinku ba?" Na ce ai an sanar da kowa maganar hula. Ya ce, "Da wane ido zan ga hula ina addu'a?" Daga ranar bai sake zuwa taro ba, shi da mutanensa. Mutanen da muka ce dominsu muke faɗan, mu muka fara korarsu.

Kuskure na huɗu ya fi na ukun muni, domin na ukun cikin fushi aka yi shi, wannan kuwa da hankalina kwance. Oga Linus da kansa ya zo. Ya hau babur da gwiwar nan tasa tun daga Madalla har Magajiya, ya tsaya a ƙofar shago. Na ce ya shigo ya zauna, ya ce a'a. Ya ce, "Idi, ka san me ya sa nake rufe ido a cikinku? Don na yarda da ku ne. A wani wuri ba na rufewa."

Kalma ɗaya yake nema. Da na ce, "Linus, na yi kuskure, ka yafe min," da ya shigo ya zauna a bencinsa ya ci gaba da zagin injina. Maimakon haka sai na yi masa jawabi. Na ce ba shi muka bari ba, tsarin zalunci muka bari. Na ce laifin shugaba ne da ya yi amfani da shi. Na kawo masa maganganun Sale ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya da ya amsa abin da ya kawo shi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Tsari ba shi ne yake addu'a ba. Ni ne." Ya tada babur ɗinsa ya tafi.

Mahaifiyarka ta yi ta bina in je in same shi. Na ce sai bayan zaɓe, kada a ce 'yan tabarma sun kai kansu. Bayan zaɓe na ce sai ƙura ta lafa. Daga nan kunya ta karɓi aikin daga hannun girman kai. Ka riƙe wannan: idan ka ɓata wa mutum, kada ka kai masa hujja. Hujja ta zauren taro ce. Ka je da ƙafarka da wuri, ka faɗi kalmar a gajarce, ka yi shiru.

Kada ka ɗauka ina cewa su ne suke da gaskiya a kan Alhaji Tanimu. Ba su da ita. Ya ci zaɓe da sunanmu, bai cika shekara ba ya koma jam'iyyar masu mulki ya tafi da kujerunsa. Wayar Oga Linus kuwa bai taɓa ɗauka ba, layin shagunansu ma a zamaninsa aka rushe. Maje kuma ka ga yadda ta koma da idonka. Mun faɗa, kuma ya faru. Amma me gaskiyar tamu ta saya wa Danladi? Da muka fita mun bar musu zauren da tutar da sunan jam'iyya, muka koma taro a gindin mangwaro muna zagin waɗanda ba sa jinmu. Kwamared Sale kuma, mai jar hula, yau yana Minna mai ba da shawara ne na musamman a ofis mai sanyi, ya yi tumbi, an ce ko gaisuwa sai ta hannun sakatare. Ba na yi masa baƙin ciki, yana da iyali shi ma. Abin da yake ci min rai shi ne ni da na bi hularsa ni ne nake nan.

Ba wanda ya kore ni daga Suleja. Aiki ne ya ƙafe. Mutanen coci suka daina kawo takardunsu, ba tare da faɗa ba, kawai suka sami wani shagon. 'Yan kujera ba za su ba ni fosta ba, 'yan tabarma kuma ba su da abin bugawa sai takardar zagi. Na sayar da injin da Linus yake yi wa tsiya, na zo nan ina yi wa wani aiki, ina buga kalandar coci daga safe har yamma. Wani lokaci idan na ga irin rubutun sai in yi dariya ni kaɗai, dariyar da ba ta da daɗi.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Mahaifiyarka ta ce Oga Linus ya dawo jam'iyya bara. Ta ce matasa ne suka yi ta zarya gidansa suna roƙo, har ya yarda, ya dawo da wasu daga cikin mutanen Madalla, har da 'ya'yan Danladi an fara gani. Ta ce ya tsufa, da sanda yake tafiya, kuma shi aka mayar wa rufe taro. Na kuma ji yana tare da masu son a yi haɗaka da wani mai kuɗin, kamar dai wancan karon. Ban yi mamaki ba, har yanzu ɗan haya ne. Wato mutumin nan ya yarda zai sake rufe idonsa a cikinku. Kai kuma, mai fuskata da muryata, kana shirin tashi.

Ban ce ka goyi bayan ɗan takararsu ba. Idan irin Alhaji Tanimu ne, ka yaƙe shi da duk abin da Allah ya ba ka, zan yi alfahari da kai. Ka nemi a ƙirga hannu tun kafin a fara, a amince da haka a gaban kowa. Ka zauna da Kiristocin ɓangarenku tun yanzu, ka tambaye su yadda shirin yake a idonsu, kada ku shirya a zaurenmu ku kaɗai sannan ku aika musu saƙo a waya. Idan ka ga lallai sai an fita, a fita tun ana gardama, ido a buɗe, kowa da kowa tare. Amma ka sa a ranka za a iya maimaita muku dabarar nan, domin ta yi aiki sau ɗaya kuma waɗanda suka gani suna raye. Idan ka ji an ce, "Oga Linus, rufe mana da addu'a," to an rufe ƙofar fita ke nan. Ko an zalunce ku, ko jininka yana tafasa, ka zauna. Murɗiya ana ƙalubalantarta gobe, a rubuta ƙorafi, a kai gaba, a sake taro. Wancan abin kuwa ni na gwada, ba ya gyaruwa da gobe.

Abokanka za su tashi, na sani. Za su tsaya a ƙofa suna kiranka, "Sakatare, taso mana!" Wani zai ce an saye ka, wani zai ce ɗan tabarma ya koma ɗan kujera. Zai yi ciwo, kana da ƙuruciya, kuma da su kake cin abinci. Ina tsoron kada ka kasa, don ni na girme ka a lokacin kuma na kasa. Ina kuma tsoron abin da masu zafin kai za su yi maka idan ka iya. Tsoro biyu ne nake kwana da su, amma na zaɓi na biyun. Ka sa hannunka a gwiwa, ka dubi tabarma, ka bar su su yi ta kira. Addu'arsa ba ta da tsawo. Abin da nake roƙo shi ne idan tsohon nan ya buɗe ido, ya ga ɗan Musulmi ko ɗaya yana zaune a inda ya bar shi.

Idan ya gama, ka je ka kama masa hannu, ka miƙa masa sandarsa. Ka ce masa kai ne Abba ɗan Idi Firinta. Kada ka ba shi haƙuri a madadina, wannan kaya nawa ne, kuma in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan kawo shi da ƙafata har Madalla. Ka dai gaya masa ƙafata ta tsufa, na gani.

Sauran kuma ka sani. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ka kula da titin Madalla, manyan motocin nan ba sa ganin mutum. Kada ka kwana a ofis ranar da aka yi rigima. Ka riƙa leƙa mahaifiyarka ko da Juma'a Juma'a ne, ba za ta ce maka tana kewa ba, amma tana yi.

Allah ya tsare fitarka da shigarka. Allah ya raba ka da sharrin taro da sharrin harshenka. Ya ba ka ƙarfin tsayawa inda ya kamata a tsaya, da ƙarfin zama inda ya kamata a zauna. Ya mayar min da kai gaban mahaifiyarka lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ka kira ni da zarar an tashi daga taron, ko me ya faru. Wayar tana aljihuna.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idrisu.